Motar Waken Da Aka Loda Da Muryata

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa tafiyar da za ki yi jibi ta zama ta alheri, Ya tsare hanyar tun daga Dutsin-Ma har Kaduna, Ya tsare direba daga gaggawa da gyangyaɗi, Ya sauke ki gidan Gwaggonki lafiya. Mahaifiyarki ta riga ta yi miki nata faɗan a kan salla da abinci da kamun kai. Na ji shi ta taga tun daga farko har ƙarshe, ban ga abin da ta rage mini ba. Nawa daban ne, kuma ina so ki karanta shi yau, kada ki bari sai kin shiga mota.

Kin gaya mini aikin da kamfanin irin shukan nan ya ɗauke ki. Ke za ki riƙe imel ɗinsu, da shafin da dillalai ke yin oda, da wayar da ake ba masu sito umarnin fitar da kaya. Da kika faɗa na ce Allah Ya sa albarka, na ci gaba da shan kununa, kika ga kamar abin bai dame ni ba. Ya dame ni. A irin wannan aikin na faɗi shekara huɗu da suka wuce, kuma ba ki san yadda na faɗi ba. Lokacin kina makaranta, aka ce miki ɓarayi sun yi mana sata a sito, Baffanki Sule kuma ya bar aiki don ya kama nasa. Rabin gaskiya ke nan. Ragowar ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san yadda harkar take, amma bari in maimaita don magana ta tafi daidai. Bayan kaka manoman Karofi da Kutawa sukan kawo wakensu sitonmu na Karofi su ajiye. Babu wata doguwar takarda, suna ne kawai a jikin buhu. Sun yarda da ni ne don kakanki ya karantar da iyayensu, wasunsu ma ni na biya musu allo. Idan kasuwa ta yi kyau sai in nemo mai saye daga Kudu, mota ta zo a loda, kowa ya samu nasa. Sule, ƙanena, shi ke riƙe da makullin sito. Ni ina zaune a Dutsin-Ma da waya a hannu, ina ba da umarni. Jarina a wannan sana'a yardar mutane ce, kuma ke ma daga jibi ita ce jarinki, domin ko ƙwaya ɗaya ta irin da za ki riƙa ba da umarnin fitarwa ba taki ba ce.

Kuskurena na farko ya girmi satar da shekaru. Kakanki yana da wata lamba ta hisabi da yake rubutawa a saman ƙofar zauren makaranta, da gefen allon duk ɗalibin da aka kawo sabo. Ranar da mai sayen wakenmu ya ce ba zai ƙara karɓar takardar kaya a hannun direba ba sai ta imel, na tafi shagon kwamfuta na bakin tasha. Mai shagon ya ce in zaɓi kalmar sirri. Ban yi dogon tunani ba, na haɗa sunan kakanki da lambar nan, na faɗa masa da ƙarfi kamar mai ba da fatiha, shi ya buga da hannunsa. Daga ranar duk inda aka ce in sa kalmar sirri ita nake sawa. Imel ita ce, wayata ita ce, wani shafi da muka yi rajista don odar taki da maganin ƙwari shi ma ita ce. Ba lalaci ne ya sa ni ba, ko da yake akwai shi kaɗan. A raina kalma ce mai albarka, kuma abin da ya tsare zauren makaranta shekara da shekaru zai tsare akwatin imel. Akwai lokacin da wani shafi ya tilasta mini in canza, na canza, bayan sati guda na koma na maido da ita, ina jin kamar na dawo da baƙo gida.

To ki ji. Kowace ƙofa da kalmarta. Ta imel daban, ta shafin oda daban, ta wayarki daban, kuma ta aiki kada ta haɗu da ta hirarki da ƙawaye. Ki sa ta yi tsawo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, babu sunana a ciki, babu na mahaifiyarki, babu ranar haihuwarki. Kada ki furta ta a gaban kowa, kada ki bar wani ya buga miki. Idan sun yi miki yawa akwai manhajar da aka yi don ajiye su, ki tambayi mai kula da na'urorin kamfaninku wadda suka yarda da ita. Addu'a kuwa ki yi ta safe da yamma, ita ba ta hana ki canza kalma.

Kuskure na biyu shi ne ya fi nauyi, kuma ba shi da alaƙa da na'ura. Wata shekara kafin satar na tura wa Sule saƙon murya cewa mota na tafe, a loda. Kullum haka nake faɗa, kalma bakwai ko takwas, ba na ƙarawa. Ina zaune da baƙi a zaure sai ga kiransa.

"Yaya, na ga saƙo. Na ce bari in ji daga bakinka, wagga motar ta wa ce? Direban ban san shi ba."

Baƙin nan suna jin komai, don na buɗe muryar wayar. Sai na ji kamar an rage mini tsawo a gabansu. Na ce masa, "Sule, muryar wa ka ji a saƙon?"

"Taka ce, Yaya."

"To mi kake so in ƙara maka? In rantse? Tun muna yara Malam mahaifinmu bai taɓa faɗa mana magana sau biyu ba. In na ce a loda, a loda."

Ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, ba za a sake ba."

Bai sake ba kuwa. Baƙina suka yi murmushi, ɗaya ya ce haka ake riƙon gida, ni kuma na ji daɗi. A gidan malamai muka tashi, inda ƙarami ba ya ce wa babba "kai ne ka ce?" Ɗalibi in an aike shi tashi yake, ba ya tambayar dalili. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, inda mai aiken yana zaune kana ganin rawaninsa. Ni na ɗauke ta na sa a cikin waya, inda ba ka ganin kowa. A ranar na cire makulli mafi ƙarfi da sitona yake da shi, da hannuna, don kawai baƙi biyu su ga ana jin maganata.

Wata rana za ki zama babba a wurin aikin nan, wani mai sito zai kira ki ya ce yana so ya tabbatar. Ko a gaban wa kike, ki amsa masa da sakin fuska, ki ce ya kyauta. Idan kika ɓata rai sau ɗaya ba zai sake kira ba, kuma ba za ki san abin da kika yi asara ba sai ranar da ake buƙatar kiran.

Yanzu ga yadda abin ya faru. Malamina na Rawayau ya rasu, wanda na yi karatun littattafai a wurinsa bayan kakanki. Na rubuta wa mai sayen wakenmu ta imel cewa zan yi kwana uku a wurin zaman makoki, kada ya turo mota sai na dawo, kuma wayata ba lalle ta riƙa shiga ba don sabis ɗin wajen ba shi da ƙarfi. Da safe ina ɗaure jaka a bayan babur sai ga kira daga lambar da ban sani ba.

"Salamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ya ƙarin haƙuri? Mun ji rasuwar Malam na Rawayau, Allah Ya jiƙan shi, Ya sa can ta fi nan."

Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, Ummi. Ya tambayi makaranta, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi mutanen Karofi, ya ambaci sunan kakanki ya yi masa addu'a. Hausarsa irin tamu ce, ba ta baƙo ba. Sai da na saki jiki sannan ya ce daga ofishin masu shafin takin nan yake, ana sabunta sunayen dillalai kafin damina, kuma yau ake rufewa.

"Ba za mu tsai da kai ba, Malam, mun san hanya gare ka. Wasu lambobi shida za su shigo wayarka yanzu, ka karanta mani, shi ke nan mun gama."

Lambobin suka shigo. A ƙarƙashinsu an rubuta da Turanci kada a gaya wa kowa, na gani, na kuma fahimta. Amma mutumin da ya yi wa mahaifina addu'a yanzun nan, yaya zan ce masa ban yarda da shi ba? Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, har na maimaita don kada ya yi kuskure. Ya yi godiya ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Kafin mu fita gari manhajar da nake tura saƙonni da ita ta rufe kanta. Na ce wayar ce ta rikice, na jefa ta aljihu, na ce in na dawo na kai a duba.

Lambar da ta shigo wayarki taki ce ke kaɗai. Babu ofishi, babu banki, babu kamfani da ke da haƙƙin jin ta, kuma na gaskiya ba sa tambaya. Wanda ya kira ya san sunanki da na ubanki da unguwarku, wannan ba shaidar komai ba ce, domin irin waɗannan bayanan saye ake yi, zan zo kan haka. Ki lura da abu biyu da mutumin nan ya haɗa mini, ladabi da gaggawa. Duk wanda ya zo miki da su tare a kan maganar sirrin aiki, ki ce za ki kira shi, ki kashe, ki nemi ofishin ta lambar da kika riga kika sani. Kuma in manhaja ta fitar da ke ba dalili, ki ajiye duk abin da kike yi ki bincika a lokacin.

Washegari da hantsi, ina zaune a tabarmar makoki a Rawayau, saƙo ya shiga wayar Sule daga lambata, da hotona a kai. Muryata ce, ba kwaikwayo ba. Tsofaffin saƙonnina suna ajiye a wata ma'ajiya da ke haɗe da imel ɗin, ban ma san da ita ba. Ɓarayin suka zaɓi ɗaya daga ciki suka tura wa Sule: mota na tafe, a loda, kada a ɓata lokaci. Suka bi da rubutu, lambar mota da sunan direba. Babbar mota ta zo bayan azahar, rana tsaka, kowa yana gani. Sule ya kira 'yan dako, ya buɗe sito, ya tsaya a kansu har aka ɗaure tamfol. Ya ba direban ruwa ma. Daga baya na ji cewa sau biyu ya ciro waya ya duba sunana, ya mayar aljihu.

Na dawo rana ta uku na biya ta Karofi. Sito ya yi fili, har muryar mutum tana amsawa a ciki. Na ce ina wake? Sule ya dube ni kamar na yi masa wasa, ya ciro waya ya kunna mini muryata.

A nan na yi kuskure na uku, kuma na yi shi a tsaye a bakin sito, gaban 'yan dako da manoma biyu da suka zo wucewa. Na san ban tura saƙon ba. Na san babu wanda ya san yadda nake magana da shi sai shi. Lissafina bai wuce nan ba. Na ce, "Sule, da wa ka haɗa baki?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, ni?"

Na ce, "In ba kai ba wa? Mota ta zo, direba baƙo, ba ka ko kira ni ba?"

Ya ce, "Kai ka hana ni kira." Ya kwance makullin daga ɗaurin wandonsa, ya ajiye a kan ma'auni, ya sa takalmansa ya tafi. Maganar ta shiga kunnena amma ba ta shiga kaina ba, don a lokacin ina neman wanda zan ɗora wa ne.

Idan abu ya ɓace a wurin aikinki, wanda ya fi kusa shi ido ke fara faɗawa a kai. Ki riƙe bakinki har sai masu sani sun bincika. Kaya in sun tafi ana iya mayar da su, ni na mayar, na sayar da gonar fadama kowa ya samu wakensa. Kalmar da na faɗa a bakin sito kuwa har yau ban samu inda ake sayen madadinta ba.

Na ƙara da wani. Kwana biyar na yi shiru, ban gaya wa abokan harka ba, ban je wurin hukuma ba, don ina jin kunyar a ce ɗan Malam an yi masa wayo. Ban san cewa a kwanakin nan ɓarayin suna ci gaba da zama a cikin lambata suna gaisawa da jama'a da sunana ba. Wani Alhaji a Kurfi, abokin harkata tun muna samari, ya ba da buhunan taki a kan saƙona. Da na faɗa tun ranar farko da bai bayar ba. Saboda haka in kin yi kuskure, ko kin taɓa wani adireshin intanet da aka turo miki sannan jikinki ya ba ki, ko kin faɗi lambar da bai kamata ba, ki tashi a take ki gaya wa shugabanki. Zai yi faɗa, wataƙila a gaban mutane. Faɗan minti goma ne. Ɓarawon da ke cikin imel kuwa kowace awa kika ba shi aiki yake yi da ita.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne Malam Nasiru, malamin kwamfuta a jami'a, wanda ke zuwa ɗaukar karatu wurina bayan la'asar. Kin san shi, mai doguwar gaisuwar nan. Ya ga na rame ya tambaya, na gaya masa, har da zargin da nake wa Sule. Ya karɓi wayar, ya yi kwana biyu yana fama har ya ƙwato mini lambata da imel. Sannan ya zo da kwamfutarsa zaure, ya buɗe wani shafi da ake sa adireshin imel a ga ko yana cikin waɗanda aka sace. Ya sa nawa. Ga shi nan.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, shafin takin nan da kuka yi rajista, an fasa shi tun bara. An kwashe sunayen duk dillalan da ke ciki, da lambobin waya, da garuruwa, da kalmomin sirri. Wanda ya kwashe bai san ka ba, bai san Karofi ba, ƙila ma ba a ƙasar nan yake ba. Shi dai ya kai kasuwa."

Na ce wace kasuwa?

Ya ce akwai wani ɓangare na intanet da ba a shiga da irin manhajar da kowa ke amfani da ita, kuma in ka nema a wurin bincike ba zai fito ba. Intanet mai duhu ake ce masa. Mai saye ba ya ganin mai sayarwa, mai sayarwa ba ya ganin mai saye. Ya ce ba duk wanda ke shiga ne ɓarawo ba, amma a can ake baje irin wannan kaya, sunaye da kalmomin sirri jibgi-jibgi, a sayar da su a dunƙule kamar yadda muke sayar da wake a buhu, ba mai ƙirga ƙwaya. Wani na kusa da mu ya sayi buhun da nake ciki. Ya ɗauki kalmar shafin taki ya gwada a imel ɗina, ta buɗe, tun da ita ce dai. Ya yi watanni yana karanta wasiƙuna yana koyon harkata, har ranar da na rubuta da hannuna cewa zan yi kwana uku inda waya ba ta shiga.

Ni da na saba da kasuwar Dutsin-Ma sai na ce, "To wa ke sarkin kasuwar? A kai ƙara, a cire sunana."

Malam Nasiru ya yi ƙoƙari bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce, "Babu sarki, Malam. Kuma abin da ya shiga ba ya fita, an riga an kwafe shi wuri ɗari. Abin da ake yi shi ne a mayar da shi banza. In ka canza kalma, wanda ya saya ya sayi makullin ƙofar da aka sauya wa kwaɗo."

Na ce kalmar nan sunan mahaifina ce.

Ya ce, "Na sani. Albarkarsa tana nan inda take. Kalmar ce ke kasuwa."

Na canza ta a ranar, ina jin nauyin abin kamar na goge rubutun saman zaure. Sai da ya rufe kwamfutar zai tafi ya juyo ya ce, "Af, Malam, Malam Sule ba ya ciki. Ko kusa." Na ce na ji. Tun kafin ya faɗa na riga na gane.

Daga abin da ya koya mini, ga wanda za ki buƙata. Ki ɗauka cewa sunanki ma wata rana zai shiga irin wannan buhu, ba da laifinki ba, don ba ke ke tsaron shafukan da kika yi rajista ba. Abin da ke hannunki shi ne ranar da aka saya a tarar bai buɗe komai ba. Ki sa wa kowane asusu makulli na biyu, wanda ko an san kalmar sai an nemi izini daga wayar da ke hannunki. Ki riƙa duba ko imel ɗin kamfani ya fito a cikin waɗanda aka sace, in ya fito a canza a ranar. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa kafin ya kai bakin titi, ko da mutumin kirki ne, don ba shi ake tsoro ba, kalmarsa da aka bari ba mai kula ake tsoro. Kada ki rubuta a imel cewa za ki yi kwana kaza ba a samun ki. Kuma na san halinki na son ganin ƙwaƙwaf, tun kina ƙarama kike buɗe rediyo ki ga mai magana. Kada ki ce za ki leƙa kasuwar nan da wayarki ko da kwamfutar ofis. Babu abin da za ki ɗauko, kuma akwai abin da zai iya biyo ki. Wannan aikin masu tsaron na'ura ne, ki bar musu.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar. Mun tarbiyyantar da ke kada ki mayar wa babba magana, kuma kin ɗauka, har malamanki suna yabo. Ina so ki ajiye wannan a ƙofar ofis. Idan saƙo ya zo daga shugabanki cewa a fitar da kaya, ko a sauya inda za a kai su, ko a turo masa kalmar sirri, ki kira shi ta lambar da kika sani ki ji daga bakinsa, ko ki taka ki same shi. Ko muryarsa ce a saƙon, ki kira. Malam Nasiru ya ce yanzu ba sa ma buƙatar tsohon saƙo, na'ura tana ƙera muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Idan shugaban ya ɓata rai, irina ne, ki ba shi haƙuri, gobe ki sake kira. Wannan ya haɗa da ni. In kika ji muryata ina neman wani abu na wurin aikinki, ko ina cewa ki yi sauri kada ki gaya wa kowa, ki kashe ki kira mahaifiyarki. Na ba ki izini a rubuce, ga shi a hannunki, ba rashin kunya ba ne.

Game da Baffanki, shekara huɗu ke nan muna haɗuwa a jana'iza da suna, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, shi ke nan. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na ce masa ba, ko matarsa a bakin 'yan dako ta ji. Sau uku ina hawa babur in tafi Karofi da niyyar in ba shi haƙuri. Sau ukun duk na zauna a zaurensa, aka kawo fura, na yi maganar damina da tsadar taki, na tashi na dawo. Ban iya ba. Ban taɓa ganin yadda babba ke yi ba, ba a koya mana ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da gonar da na sayar.

Gobe za ki je yi masa sallama. Ki ce wa mai babur ya zo da ɗan'uwansa mai babur, tare za mu tafi. Ke ki shiga ciki wurin matarsa ki bar mu a zaure, amma kada ki yi nisa da ƙofa. Idan kika ji na soma maganar damina, ki fito ki tambaye ni abin da ya kawo ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga sharrin wanda kike gani da wanda ba ki gani, Ya sa ki riƙe amanar mutane ki mayar musu da ita cikakkiya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye. Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.